Tauno Mai Neman Yoyon Mota

Shekara ashirin da wani abu ina maƙwabtaka da Tauno Rautio a Hoquiam. Shingen katako ne kawai tsakaninmu, shi ma ruwan sama ya riga ya cinye masa ƙafafu, amma ba wanda ya taɓa cewa a sake shi, don a kansa muke jingina in za mu yi magana. Tauno dogo ne mai manyan kunnuwa, kuma magana tsada take yi masa. In ka gaishe shi sai ya ɗaga haɓa, ya amsa ke nan. Duk da haka, daga garinmu har Westport, duk mai tsohuwar motar kaya irin mai rufin nan, in ya wayi gari ya taka kafet ɗin gidan gaba ya ji caɓal a ƙarƙashin takalminsa, ya san gidan da zai nufa.

Ba da mota ya fara ba. Mahaifinsa, wanda ya zo daga Finland yana saurayi, toshe jiragen kamun kifi na katako yake yi da zare da kwalta, kuma a bakin ruwan nan Tauno ya girma. Da jiragen katako suka ja baya sai ya shiga kamfanin yanka katako kamar kowa, ya ƙarar da shekarun ƙarfinsa a can, ya fito da kunnen hagu a mace saboda ƙarar zarto. Da aka rufe kamfanin, abokan aikinsa wasu suka bar gari, wasu suka zauna a mashaya suna jiran a sake buɗewa. Shi kuwa ya kafa rumfar kwano a bayan gida ya ce zai riƙa sa gilashin mota. Gilashin bai kawo mutane sosai ba. Yoyo ne ya kawo su. A nan ruwa yakan tsinke tun Oktoba, ba ya sarara mana sai wajen Mayu, kuma motocin masu gyaran famfo da masu fenti da masu sayar da kifi duk sun tsufa tare da masu su.

Aikin ba na mutum ɗaya ba ne. Dole wani ya tsaya waje da tiyo, wani ya kwanta ciki da tocila. Ta cikin ita ce matarsa Verna, 'yar ƙaramar mace mai kaifin baki, wadda ta yi ƙuruciyarta tana yankan kifi a kamfanin gwangwani. Duk maganar da Tauno ya ƙi yi, ita take yi masa, har da ƙari.

Ni burodi nake gasawa ina kai wa kantuna da sassafe. Shekarar da na tare a unguwar, motata ta fara warin rima, har wata mai kanti ta ɗaga pulla ɗina, burodin nan mai zaƙi na 'yan Finland, ta sansana ta tambaye ni ko a cikin takalmin roba na gasa shi. Ranar na zagayo da motar bayan gidan Tauno.

"Gilashin gaba ne," na ce masa. "Na ga ruwan a ƙarƙashinsa."

"Kowa gilashin gaba yake cewa."

"Rabu da shi, Nadine," in ji Verna, tana fitowa da matashi a hammata. "Shi ma in likita ya tambaye shi abin da ke damunsa gwiwa yake cewa, alhali taurin kai ne."

Tauno ya buɗe ƙofar direba ya tsoma yatsa a ruwan ya murza, ya kai hanci. Ya ce in da sulɓi da ɗan ƙanshin zaƙi, to ruwan lagireto ne ya ɓalle daga hita, wannan kuwa na sama ne. Verna ta yaye kafet, ta goge ƙarfen da tsumma ya bushe, ta barbaɗa hodar jarirai ko'ina har ƙarƙashin sitiyari, don in ruwa ya biyo zai bar sawu a cikin hodar. Sannan ta kwanta rigingine, kanta wajen birki, ƙafafunta a kan kujera, ta ce a rufe mata ƙofa.

Na zata zai watsa wa motar ruwa gaba ɗaya ne. Ina! Daga ƙasa ya fara, wajen gindin ƙofa, ruwan ma a hankali kamar mai ban ruwan fure. Ya daɗe a nan kafin ya ɗan matsa sama. Da na gaji na tambaye shi dalili, ya ce in ka fara daga sama ruwa zai gangaro ko'ina, ba za ka san ta ina ya shiga ba. Verna tana kwaɗa ihu daga ciki, "Babu!" shi kuma yana cewa "Me?" Sai ta ƙwanƙwasa gilashi da zobenta, ya gyaɗa kai ya matsa gaba.

Gilashin gaba lafiyarsa lau. Da tiyo ya kai ramin nan da ke gindin waifa sai muka ji Verna tana dukan ƙofa da ƙafa. Ashe magudanar wurin ce ta toshe da ganyen itacen fir, ruwa ya taru ya cika ya bi ta hanyar iskar hita ya zubo ciki. Tauno ya warware wayar rataye riga ya zura, sai ga baƙin tabo ya ɓulɓulo ta bayan taya, wari kamar an buɗe kwata.

"Ki daina ajiye ta ƙarƙashin itacen nan," ya ce.

"Itacen ai a gidanka yake, Tauno."

"Shi ya sa na san halinsa."

Haka suka yi shekaru. Ina murza ƙulli a kicin ina jiyo su ta taga, ita tana ihu, shi yana cewa "Me?", mai mota yana tsaye da kofi a hannu yana dariya. Wani lokacin robar ƙofa ce ta bushe ta tsage, wani lokacin gindin eriya, wani lokacin ramin da wani ya huda don wuce da waya ya manta bai toshe ba. Akwai motar da suka yi ta fama da ita har sati ya zagayo, sai da Verna ta ce a ajiye ta a gangare yadda mai ita yake ajiyewa a gidansa, sannan ruwan ya nuna kansa. Ranar har yamma tana yi masa gori.

Verna ta rasu wata Lahadi da safe, tana gaban madubi tana shirin coci. Zuciya ce. Tauno ya naɗe tiyo ya rataye a ƙusa, duk wanda ya zo sai ya ce masa ba ya yi yanzu. Damina guda ta wuce bayan gidan nan shiru, sai ƙarar ruwa a kan kwano.

Wata rana ina jingine da shinge na ji wata mata tana roƙonsa. Ita ce mai tuƙa motar da ke kai tsofaffi asibiti, ruwa yana ɗiga kan wayoyin wuta, fitilunta suna mutuwa a hanya. Tauno yana kallon ƙasa ya ce mata babu mai shiga ciki.

"Ni fa?" na ce. "Itace ce?"

Ya dube ni sama da ƙasa. "Ba za ki shiga ƙarƙashin sitiyari ba."

"Burodi ne ya mai da ni haka, kai ma kuwa kana ci."

Ya shiga gida ya daɗe, sannan ya fito da matashi. Ba na Verna ba ne, wani ya ɗauko daga kan kujerar falo. Na shiga da kyar, na fita da kyar, amma mun gano yoyon. Daga ranar na zama ta ciki, in na gama kai burodi.

Na san Tauno yana da ƙane, don Verna ta taɓa nuna mini hotonsu su biyu a kan jirgi, ta kuma gargaɗe ni kada in kuskura in ambaci sunan Elmer a gabansa. Lokacin babban yajin aikin kamfanin katako, ana tsakiyar wahala, mutane suna tsaye a bakin ƙofa cikin ruwa, Elmer ya ratsa su ya shiga aiki. A garinmu wannan ba abin da ake mantawa ba ne. Tauno yana cikin masu tsayuwa, kuma a gaban kowa ya ce shi ba shi da ƙane. Da aka gama yajin ba mai gaisawa da Elmer ko a coci, sai ya kwashe iyalinsa ya tafi Alaska. Tun daga nan ba a sake jin ɗuriyarsa ba.

Wata kaka, ina sauke burodi a bayan wani kanti, na lura da wata shuɗiyar mota da ta kwana biyu a wurin, gilasanta duk sun yi gumi ta ciki. Wani tsoho ya buɗe ƙofa ya matse tawul, ruwa ya zuba kamar an juye kofi. Yana tari irin mai fitowa daga can ƙasan ƙirji. Ya tambaye ni ko ina da burodin jiya. Na ba shi na yau na ce na jiya ne. Da na leƙa sai na ga katifa a baya, da risho, da kaya a rataye.

"Wannan ruwan zai kwantar da kai," na ce. "Ka kai ta wurin Rautio, yana bayan gidana."

Ya yi wata 'yar dariya da ta koma tari. "Ni ma Rautio ne."

Sai a lokacin na dubi kunnuwan.

Muka zauna a bakin motata ya ci burodin. Daga Alaska sun koma Idaho, a can matarsa ta rasu, gidan da suke haya aka sayar, ya ce bari ya zo ya ga kabarin iyayensa kafin ya san inda zai nufa. Ya ga kabarin, amma ya kasa tafiya. Ya ce kullum da yamma yakan bi ta layinmu a hankali, ya ga rumfar, ya wuce.

Na rasa yadda zan faɗa wa Tauno, sai kawai na faɗa masa a bakin shinge, ban yi kwana ba. Yana riƙe da manjagara yana tara ganye. Bai daina ba. Can ya ce, "Wace irin mota?"

Na kwatanta masa.

"Irin waɗannan ta rufi suke sha," ya ce, ya ci gaba da tara ganyensa.

Washegari ina fitowa na same shi a tsaye yana jirana. "Ki ce wa mutumin ya kawo ta. Motar na ce."

Elmer ya zo da hantsi, ya aske gemu, ya sa rigar da ta fi sauran tsabta. Suka tsaya mota a tsakaninsu. Ba wanda ya miƙa hannu. Tauno ya zagaya motar, ya tsaya a gilashin gaba, inda aka lafta farin gam kewaye da roba kamar an shafa man shanu.

"Nadine, tambayi mai motar wa ya yi wannan ta'asar."

"Gaya masa ni ne," in ji Elmer.

"Ai ta yi kama da shi."

Na dafa ƙugu na ce bayana ya riƙe tun jiya, yau ba zan iya kwanciya a mota ba. Da gaske yana ciwo, amma ba fiye da kullum ba. Tauno ya harare ni. Na miƙa wa Elmer tocila da hoda da matashi, na nuna masa yadda ake yi. Ya yaye kafet, wari ya buso mu, soson da ke ƙarƙashi ya yi baƙi da fumfuna. Tauno ya dubi soson, ya dubi katifar da ke baya, ya je ya kunna famfo.

Da farko ni ce 'yar aike. "Tambaye shi ko akwai." "Gaya masa babu." "Ce masa ya haska bayan birki, ba hancinsa ba." "Ce masa na san inda birki yake, na riga shi tuƙi." Ina tsaye tsakanin tsofaffi biyu, ruwan tiyo yana jiƙa mini takalmi. Da abin ya ishe ni sai na ce ina da burodi a tanda, na tsallaka gidana, na buɗe tagar kicin.

Ruwa ya yi ta ƙara a jikin ƙarfe. Can na ji muryar Tauno, ba da ƙarfi ba.

"Akwai?"

"Babu."

"Me?"

"Na ce babu, kurma!"

Ya gama da ƙofofi, ya gama da gindin waifa, ya bi gilashin gaba gefe da gefe. Babu. Ya hau kan akwati ya ɗora tiyo a 'yar kwatar nan da ta kewaye rufin mota, daidai saman ƙofar direba. Ba a jima ba sai ihu ya tashi daga ciki.

"Ga shi nan! Tauno, ga shi nan! A fuskata yake zuba! Tsaya mana!"

Tauno bai motsa ba.

"Kashe ruwan, ɗan banzan tsoho! Har cikin kunnena!"

"Ina ji," in ji Tauno. "Tabbatarwa nake yi."

Da Elmer ya fito, hoda da ruwa sun haɗu sun yi masa farin kwaɓi a fuska har gira. Tauno ya dube shi, leɓensa ya ɗan motsa, ya juya da sauri ya tafi kashe famfo. Da ya dawo sai ya jefa masa tawul.

Ya kira shi ya hau akwatin ya gani da idonsa. Tsohon gam ɗin da ke cikin kwatar ya bushe ya tsattsage, tsatsa ta huda ƙarfen ƙananan huji. Ruwa yana shiga ta nan, ya bi cikin ginshiƙin da ke tsakanin gilashi da ƙofa, ya fito can ƙarƙashin sitiyari, nesa da inda ya shiga. Gilashin da Elmer ya yi ta lafta wa gam bai taɓa laifin komai ba.

"Za a cire kujeru," in ji Tauno. "Kafet da soso bola za su tafi. Katifar ma. A kankare tsatsa, a bar ƙarfe ya bushe ƙarƙashin rumfa. In bai bushe ba gam ba ya kamawa."

"Har yaushe?"

"A wannan yanayin? Sai yadda ta yiwu."

Elmer ya goge wuyansa. "To ni a ina zan kwana?"

Tauno yana naɗe tiyo, bai ɗago ba. "Akwai gado a ɗakin ɗinkin Verna. Kada ka taɓa keken."

Na san aikin nan, na kuma san in an sa fanka da hita ƙarfe ba ya daɗewa haka bai bushe ba. Motar Elmer kuwa ta yi ta bushewa har aka shiga Disamba. Na dai ƙara yawan miyar dankali da kifi da nake miƙawa ta shinge, na kuma matsa sai da Elmer ya je asibiti aka ba shi maganin ƙirji.

Maganar yajin aikin sau ɗaya na ji sun yi ta. Na kawo musu kofi, na tsaya a bakin rumfa ba su gan ni ba. Tauno yana sama yana kankare kwatar da burushin waya, Elmer yana durƙushe a ciki yana goga samfefa a daɓen motar.

"Saboda 'yata Marlene ne," in ji Elmer, ba tare da ya daina gugar ba. "Ƙodarta. Kamfani ne ke biyan kuɗin asibitin. In na tsaya waje za su daina duba ta."

Burushin ya tsaya. "Na sani."

"Ka sani?"

"Verna ta gaya mini. Daga baya."

"Daga baya yaushe?"

"Kafin ku tafi."

Elmer ya ajiye samfefar. "Ka sani, ka bar ni na loda kaya na bar garin nan?"

Tauno ya juya burushin a hannunsa. "Na riga na faɗi abin da na faɗa a gaban mutane. Akwai waɗanda suka rasa gidajensu a yajin nan, Elmer. Su ma da 'ya'ya. Ban san yadda zan dube su ba in na zo wurinka." Ya hura tsatsar da ta taru. "Me ya sa ba ka faɗa mini da bakinka ba?"

"Da ka saurara?"

"A'a."

Sannan Tauno ya ce, "Yarinyar fa?"

"Tana Spokane. Jikokina biyu. Ba ta san a mota nake kwana ba, kada kuma wani ya gaya mata."

Burushin ya ci gaba, samfefar ma ta ci gaba. Na koma da kofin na sake ɗumama shi. Ba wanda ya nemi gafarar wani a gabana, kuma ban ji an sake tada maganar ba.

Ranar da za a sa sabon gam, rana ta ɗan leƙo. An shafa maganin tsatsa, an yi fenti, an toshe hujin. Tauno ya matsa gam a kwatar a hankali, Elmer yana bin bayansa da babban yatsa da ya tsoma a ruwan sabulu yana lallaɓa shi ya kwanta. Aikin mahaifinsu ne a jikin jirgi, kuma hannuwansu ba su manta ba. Suna yi suna musu a kan ko tsohon da hagu yake riƙe guduma. Da gam ya kama aka sake gwaji, tun daga gindin ƙofa har rufi. Elmer ya fito a bushe, hodar ko ɗigo babu. Suka mayar da kujeru, suka shimfiɗa sabon kafet da wani mai fenti ya ba su.

Motar ta gyaru, amma ba wanda ya yi maganar tafiya. Asabar ɗin nan na ga hayaƙi yana fita daga ɗan ɗakin wankan tururin da ke ƙarshen filin Tauno, wanda na zata ajiyar tarkace ne kawai. Da yamma suka fito jajur kamar dafaffiyar ƙaguwa, tawul a ƙugu, suka zauna a benci cikin yayyafi suna shan giya.

Daga nan na rasa aikina na ciki. Elmer ya fi ni sirantaka, kuma muryarsa tana ratsa mataccen kunnen Tauno. Ba kowa ya ji daɗi ba. Wani tsohon abokin aikinsu ya kawo mota, da ya ga wanda ke riƙe da tocila sai ya ce shi wannan mutumin ba zai shiga motarsa ba. Tauno ya ce to ya kai ta wani wuri. Mutumin ya tafi, kuma bai sake gaishe da Tauno ba har ya mutu. Sauran mutane yawancinsu ba su ma san an taɓa yin yajin ba.

Sun yi damina huɗu ko biyar tare. Marlene ta zo da yaranta wani rani, Tauno ya kai su kamun ƙaguwa a Westport a cikin shuɗiyar motar, shi da Elmer suna faɗa a kan wa zai tuƙa tun daga ƙofar gida. Ƙirjin Elmer bai taɓa warkewa sarai ba, shi ne kuma ya tafi da shi wani Fabrairu, a ɗakin ɗinkin. An binne shi kusa da iyayensu. Tauno ya ba Marlene motar, ta ce ba ta da inda za ta ajiye, sai ya ba wani mai gyaran rufi da tasa ta mutu.

Bayan nan gwiwar da Tauno ya daɗe yana kuka da ita ta kama shi da gaske, ya faɗi sau biyu a bayan gida. 'Yarsa ta zo ta ɗauke shi zuwa Yakima, can bayan duwatsu inda sama ba ta cika zubar da komai ba. Yakan kira ni ranar Lahadi bayan coci, kuma a waya ya fi surutu fiye da yadda na taɓa saninsa.

"Nan motocinsu rana ce ke fasa su," ya ce mini wata rana. "Jiya na leƙa ta maƙwabci, roba duk ta tsage, kana hango waje ta gefen ƙofa. Na ce masa ruwa zai shiga. Ya ce wane ruwa?"

"To ka huta mana."

"Hutun me? Ke dai ki aiko da pulla. Na nan kamar soso yake. Ki sa kifi banda a ciki, amma ki naɗe shi da kyau, kada yarinyar nan ta gani, ta ce gishiri ya yi mini yawa."

Na riƙa aikawa duk wata har shekarar da 'yarsa ta kira ni ta ce ya tafi cikin barcin rana, a kujera. Waɗanda suka sayi gidan mutanen kirki ne, ma'aikatan jinya daga Olympia. Sun rushe rumfar sun shuka kabeji a wurin. Har yanzu in ruwa ya tsinke a kaka, wani yakan tsaya da tsohuwar mota a layinmu ya ƙwanƙwasa mini ƙofa yana tambayar gidan mai gyaran yoyo. Sai in ce masa ya zo da matarsa ko abokinsa, in ara musu tiyo, in zauna a baranda da bargo ina gaya musu inda za su fara.